Ƙugiyar da ke yawo bisa kawunan ma'aikata

A watan Afrilun 2007, tukunyar narkakken ƙarfe ta suɓuce daga injin ɗaga kaya a masana'antar Qinghe da ke Tieling a ƙasar Sin, mutum 32 suka mutu. Bincike ya gano an ɗora wa injin aikin da ba a ƙera shi dominsa ba.

Yanzu da ake ta maganar farfaɗo da masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta, a fara da ɗaga kai sama. Injin da ya shekara bai motsa ba, tsatsa na cin igiyar wayarsa daga ciki, inda ido ba ya gani. A gwada birki, a auna bakin ƙugiya ko ya buɗe, a shafa giris. Fenti kam ya jira.