Dokar da Ta Kamata Ta Zo Farko a Gasar Golf

Abokan da ke haɗuwa buga golf a ƙarshen mako, a Kano ko Jos, sukan tsara dokokin maki da tarar makara, amma ba kasafai suke tuna lafiya ba. Ramuka 18 tafiya ce ta kusan awa huɗu cikin rana. Mai shan glibenclamide ko mai allurar insulin, sukarinsa na iya faɗuwa. Mai shan maganin hawan jini mai sa fitsari kuwa, ruwan jikinsa kan ragu da sauri.

A ganina, a rubuta: a fara da sassafe, kowa ya riƙe ruwa da dabino, kuma wanda jiri ko ciwon ƙirji ya tsayar kada a hukunta shi, domin tsoron rasa matsayi kan sa dattijo ya ɓoye ciwo. Mai ciwon ƙirji kuma, a garzaya da shi asibiti.