Walimar Masanan Duwatsu: Wa Ke Cin Tuwon, Wa Ke Wanke Akushi?

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa saye da sayarwa a kasuwar Dole ta Damagaram ko Kantin Kwari na Kano ya san ba a bakin rumfa ake gama babban ciniki ba. A rumfa ake taya kaya, amma sallamawa sai an koma masauki, an ci tuwo, an fasa goro. To haka lamarin yake ga masanan da ke nazarin duwatsu, ma'adinai da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Idan suka kira babban taro, tsarin aikinsu kashi biyu ne. Na farko shi ne na zaure, inda ake jawabai ana nuna taswirori. Na biyu kuwa ya haɗa da liyafar maraba ta daren farko, da shan shayi tsakanin jawabai, da walimar dare wadda galibi ake sayen tikitinta daban, sai kuma fita ganin duwatsu a daji.

Mai kallo daga nesa zai ɗauka kashi na biyun nan hutu ne. Ba hutu ba ne, nan ne kasuwar take ci. A bakin faranti ne malamin jami'a ke samun wanda zai biya kuɗin bincikensa, ɗalibi ke samun mai ɗaukarsa aiki, wakilin kamfani kuma ke jin inda aka ga alamar zinariya tun kafin labarin ya shiga takarda. A nan ake yanke wace ƙasa za a tona, wace kuma za a bari. Babu laifi ga cin abinci tare, zumunci ne. Laifin yana ga wanda ya biya kuɗin tuwon, da wanda aka bari a bakin ƙofa.

Wanda ke biya dai sananne ne, tun da sunansa ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin bango: kamfanonin haƙar ma'adinai da na man fetur. Kowa kuwa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Masanin da ya kwana uku yana cin naman kamfani, da wuya ya miƙe a rana ta huɗu ya tambayi ina kamfanin ke zubar da ƙazantar ruwansa. Ba sai an ba shi toshiyar baki ba. Kunya kaɗai ta isa.

Batun bakin ƙofa kuma tsoho ne. Babban taron masanan duwatsu na duniya ya soma a birnin Paris a 1878. Taron da aka keɓe domin duwatsun Afirka ma, a birnin Leeds na Ingila aka aza harsashinsa a tsakiyar shekarun 1960, kuma a Turai aka yi mafi yawan zamansa na farko. Ya zo Ibadan a 2016, ya koma Aveiro ta ƙasar Fotugal a 2018. Matashin da ya fito daga makarantar EMIG ta Yamai, ko daga jami'ar Abdu Mumuni, da wane kuɗin jirgi, da wace biza zai je can ya gaisa da manya? Ko taron Mining Indaba da ake yi kowace shekara a Cape Town, kuɗin shiga kaɗai ya haɗiye albashin ƙaramin ma'aikaci na watanni.

Wani zai ce ai an taɓa kawo irin wannan buki har gida. Gaskiya ne: a watan Fabrairu na 2022 birnin Yamai ya karɓi taron ma'adinai da man fetur na ƙungiyar CEDEAO, wanda ake kira ECOMOF, tun ƙasar nan ba ta fice daga ƙungiyar ba. Ministoci sun zo, kamfanoni sun baje hajarsu. Amma magajin gari nawa ne daga karkarar jihar Damagaram ya zauna kusa da wani masani har suka yi musayar lambar waya?

A ɗauki Dungu, cikin yankin Matamaye. Mutanenta ba su da yuraniyom kamar Arlit, ba su da mai kamar Agadem. Arzikinsu ruwan da ke kwance ƙarƙashin fadamun ƙorama ne, wanda da shi ake noman rake da kayan lambu da rani, ake lodin motoci zuwa kasuwanni. Manomin Dungu yana da tambayoyi da babu mai amsa su sai masanin ruwan ƙasa. Gaba nawa ruwan ke ja da baya idan damina ta yi gardama? Injin ban ruwa nawa fadama guda za ta iya ɗauka kafin rijiyar maƙwabci ta ƙafe? Takin zamani da maganin ƙwari da ake zubawa, suna sauka cikin ruwan da yara ke sha ko kuwa? An ce ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba. Su sun tona, abin da ya rage musu shi ne wanda zai gaya musu iyakarsa. Sai dai rake ba ya sayen teburi a walima, saboda haka ba a jin sunansa a can.

Kada wani ya ce wannan ƙaramar magana ce. Birnin Damagaram kansa a kan dutse yake zaune, shi ya sa ake jawo masa ruwa daga Gogo da Macaya, da Arunguza, da Ganaram, kuma duk mazaunin birnin ya san kuɗin garuwa a watan bazara. A nan kusa aka buɗe matatar mai ta SORAZ a 2011, mai tace ganga 20,000 a rana. Ilimin da ya gano mai a ƙarƙashin rairayin Agadem, da wanda ke gano ruwa, ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Bambancin kawai, ɗaya yana da masu gayyatarsa cin abinci.

Wanda ke son ganin abin da sakaci da ruwan ƙasa ke haifarwa, sai ya waiwayi Tibiri ta jihar Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980, shekara da shekaru mutanen garin suka yi suna shan ruwan rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fulor fiye da kima, wanda daga duwatsun ƙasa yake fitowa. Ɗaruruwan yara suka tashi da karkatattun ƙafafu da lalatattun haƙora, har ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta FIDH ta fitar da rahoto a kai a 2002. Awon ruwan nan bai kai kuɗin walimar dare ɗaya ba.

Ma'aikatan gwamnati da ake turawa irin waɗannan tarurruka su ma suna da nasu kason. Ba duka ba, akwai masu tsoron Allah. Amma kowa a ofis ya san wanda ke kokawar shiga jerin matafiya domin kuɗin guzuri, ya dawo da jaka mai tambari da hotuna, rahoton kuwa sai dai a ji a salansa. Sau da yawa ba shi ne mai aikin ba. Mai aikin yana can daji da guduma da kwalaben awo, ba a ko tuna da shi ba.

Gyaran ba ya bukatar wata sabuwar doka. Duk taron da kuɗin baitulmali ya shiga cikinsa, a buga sunan wanda ya biya kowace liyafa da abin da ya kashe. A ware kujeru kyauta ga ɗalibai da ƙananan injiniyoyin jihohi, a teburi ɗaya da manya, ba a can gefen ƙofa ba. A gayyato magadan gari da shugabannin manoma. Wanda aka tura da kuɗin ƙasa kuma, ya ajiye rahoto inda kowa zai iya karantawa kafin a sake sa masa hannu a takardar tafiya.

Sa'an nan fitar ganin duwatsun nan, wadda aka saba kaiwa inda kamfani ke so a gani, a gwada juya kan motar sau ɗaya zuwa Matamaye. A sauke baƙin a bakin wata rijiyar lambu a Dungu cikin watan Afrilu, a miƙa wa kowane masani igiya da guga, a bar mai lambun ya yi musu tambayoyinsa har rana ta faɗi. Raken da za su sha, mutanen gari ba za su karɓi ko dala ba.