Ranar da na nuna wa wata tsohuwa dutsen da ba shi ba ne 🧵

1/ Jama'a, tun da na saka hoton nan nawa a gaban bas, ga duwatsu masu dusar ƙanƙara a baya, saƙonni suka yi min yawa. Wasu na tambaya yadda ake samun aikin, wasu na tsokana wai na tsallaka teku na je na zama kwandasta a daji. Ku gyara zama, zan amsa muku gaba ɗaya.

2/ Karatu nake a Amurka. Hutun bazara na da tsawo, kuɗin haya kuwa ba ya zuwa hutu. Ina da izinin aiki, sai na nemi aikin tuƙa bas ɗin 'yan yawon buɗe ido a gandun dajin Denali da ke jihar Alaska, can ƙuryar arewa. Na yi daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Agusta.

3/ Ga masu cewa kwandasta: ni ne direban, ni ne kuma mai bayani. Sitiyari a hannu, makirfo a baki, ido ɗaya a hanya, ɗaya a daji. Sai da na yi lasisin tuƙa manyan motoci, na kuma haddace tarihin wurin da dabbobinsa kamar mai shirin jarabawa.

4/ Bari in kwatanta muku wurin. Gandun ya haura murabba'in kilomita 24,000, ya fi jihar Kano girma. Amma hanyar mota ɗaya tal ce ta ratsa shi, tsawonta mil 92, kusan kilomita 148. Motar gida ba ta wuce mil na 15. Daga nan sai bas.

5/ A watan Agustan 2021 ma aka daina kaiwa ƙarshen hanyar. Ƙasa ta zaftare a wani wuri da ake kira Pretty Rocks, saboda ƙanƙarar da ke riƙe da ƙasar ta ƙarƙashi tana narkewa. A shekarar da na yi aiki, a mil na 43 muke juyowa.

6/ Abin da ke kawo mutane shi ne dutsen. Tsayinsa mita 6,190, babu wanda ya kai shi a duk Arewacin Amurka. 'Yan asalin wurin, mutanen Koyukon, Denali suke ce masa, wato mai tsayi. Gwamnati ta daɗe tana kiransa McKinley, a 2015 ta koma Denali, a 2025 ta sake komawa McKinley.

7/ Ga inda matsalar take: dutsen ba ya yawan bayyana. Gajimare ke lulluɓe shi yawancin ranakun bazara. A wurin ana cewa kusan mutum 3 cikin 10 ne ke dacewa da ganinsa, har riguna ake sayarwa na waɗanda suka dace. Sauran 7 ɗin kuwa su ne fasinjojina na kullum.

8/ To ga ra'ayina, kuma shi ne dalilin zaren nan. Wahalar aikin nan ba tuƙi ba ce, ba haddace tarihi ba ce. Wahalarsa ita ce ka iya gaya wa mutum gaskiyar da ba ya so, alhali tukuicinka yana aljihunsa. Wanda ba zai iya ba, kada ya nemi aikin.

9/ Don ku gane: akwai albashi, amma tukuicin da fasinja ke miƙa maka idan zai sauka ba ƙaramin abu ba ne a lissafin ɗalibi. Wanda ya sauka da murmushi hannunsa a sake yake. Wanda ya sauka rai a ɓace, sai dai ku yi sallama. Kullum wannan lissafin na kanka.

10/ Ba zan yi muku wa'azi kamar ni tsarkakakke ne ba. Ni ma na faɗa. A mako na biyu na ɗauko wata tsohuwa, za ta haura shekara 70. Tun a tasha ta gaya min ita da mijinta suka yi shekaru suna tara kuɗin tafiyar nan, ya rasu kafin lokaci ya yi. Ta zo ita kaɗai.

11/ Ranar gajimare ya rufe ko'ina. Can gaba sai ya ɗan yaye, kan wani dutse mai dusar ƙanƙara ya leƙo. Ba shi ba ne. Wani ne daga ƙananan da ke gabansa, bai ko kama ƙafarsa ba. Ta kamo kafaɗata ta ce, “Ɗana, shi ne wancan?”

12/ Wallahi na san ba shi ba ne. Amma na ga idonta ya cika da hawaye, ga mutum 40 a bayana sun ɗaga waya. Sai na ji bakina ya ce, “Eh, shi ne.” Bas ta ɗauki tafi. Da za ta sauka ta danƙa min dala 20, ta ce na cika mata alkawarin da ta yi wa mijinta.

13/ Daren nan ban yi barci ba. Kuma a can dama dare suna ne kawai: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen sha biyun dare, kafin ƙarfe huɗu ta fito. Na yi Magariba a makare kamar kullum, na kwanta ina kallon haske ta labule, ina tunanin hoton da ke wayarta.

14/ Za ta koma gida ta nuna wa jikokinta. Wata rana wani da ya san wurin zai gani, ya ce mata ai wannan ba Denali ba ne. Ranar za ta gane cewa yaron da ta kira ɗanta ya mayar da ita abin tausayi, kuma ya karɓi kuɗi a kai.

15/ Na kira Umma na ba ta labari, ina fatan ta ce ai taimako na yi. Ta yi shiru, can ta ce, “Da ni ce, haka za ka so a yi min?” Ban samu amsa ba. Ta ce kuɗin kuma kada in kuskura in ci. Sadaka na yi da su.

16/ Na san abin da wasunku za su ce, don wani abokin aikina ma ya faɗa: wa aka cuta? Ta zo neman farin ciki, ta samu. Mu fa nishaɗi muke sayarwa, ba darasin jogarafi ba. Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Na yi kwanaki ina juya ta.

17/ Amma ga inda muka rabu. Fasinja bai san komai a dajin nan ba. Bai san wane dutse ba ne, bai san wace dabba ce mai haɗari ba. Kuɗin da ya biya, na idona da saninsa ne da ba shi da su. Idan na ba shi na jabu, me ya rage da ya saya?

18/ Kuma ƙarya ba ta tsayawa a dutse. Direban da ya saba cewa “eh” don kada ran fasinja ya ɓaci, shi ne zai kasa cewa “a'a” ranar da rai ke cikin haɗari. Hali ɗaya ne. Na ga wannan da idona bayan wata guda.

19/ Mun ci karo da beyar, irin ƙatuwar nan mai ruwan ƙasa, da 'ya'yanta biyu a gefen hanya. Ƙa'ida ita ce in tsaya, in kashe mota, kowa ya yi shiru, ba mai fito da hannu ta taga. Wanda ke ƙafa a gandun, doka ta ce ya bar yadi 300 tsakaninsa da beyar, kusan mita 275.

20/ Sai wani bawan Allah mai ƙatuwar kyamara ya taso, wai in buɗe masa ƙofa minti ɗaya kacal. Ya nuna min takardar dala 50 a tafin hannunsa. Beyar ɗin ba ta fi tsawon bas biyu daga inda muke ba. Uwa ce mai 'ya'ya, kuma gudunta ya fi na kowane ɗan Adam.

21/ Na ce masa a'a, ya koma ya zauna. Ya yi ta faɗa, ya ce zai kai ƙarata. Ko sisi bai ba ni ba. Amma ku lura: ba ransa kaɗai na kare ba. Beyar da ta saba da mutane, ko ta taɓa wani, tana iya ƙarewa da harsashi. Hotonsa ɗaya zai iya mayar da 'ya'yanta marayu.

22/ Da ban sha kunyar tsohuwar nan ba, anya zan iya? Ban sani ba. Abin da na sani shi ne bayan ranarta na canza yadda nake buɗe baki da safe. Tun kafin mu tashi nake cewa: yau da wuya ku ga dutsen, dabbobi kuma ba ma'aikatanmu ba ne, ba mu da alkawari da su.

23/ Na ɗauka tukuici zai ragu. Wasu ranaku ya ragu, ba zan ɓoye muku ba. Amma wani abu ya faru da ban zata ba. Da mutane suka daina zura wa gajimare ido, sai suka fara ganin abin da ke gabansu.

24/ Fararen tumakin dutse can sama kamar ɗigon alli. Saboda kare su ma aka kafa gandun a 1917. Karibu, dangin barewa masu ƙaho kamar reshen itace, suna gudun sauro zuwa kan dusar ƙanƙara. Mus, wanda namijinsa ya fi doki tsayi. Kyarkeci kuwa sau biyu kacal na gani duk bazarar.

25/ Sai na koyi wata kalmar da ta fi “a'a” wuya: “ban sani ba.” Wata yarinya 'yar shekara 9 ta tambaye ni sunan wani fure. Da can sai in ƙirƙira. Na ce ban sani ba, amma mu duba littafi a wurin hutawa. Muka duba tare. Babanta ya fi kowa yi min godiya a ranar.

26/ Ranar da dutsen ya fito fa? Wayyo. Ba ka buƙatar cewa komai. Tun wajen mil na 9 za ka hango shi fari fat, ya danne duk sauran. Bas takan yi tsit. A ranar farko da na gan shi haka na ƙara jin kunya, don na ga girman abin da na musanya wa tsohuwar nan.

27/ Masu tambayar yadda ake samun aikin: fara da takardu. Ba kowace biza ke ba da izinin aiki ba, kuma duk wanda ya ce ka turo masa kuɗi zai sama maka aiki a Alaska, ka binciki lamarin sosai kafin sisi ya fita. Tuƙa bas kuma sai da lasisin manyan motoci.

28/ Ka kuma san abin da hoto ba ya nunawa. Tashi tun ƙarfe huɗu, hanyar tsakuwa mai ƙura, sauro kamar an aiko su, ɗaki ɗaya da wani, abincin halal sai ka yi dabara, masallaci sai ka yi tafiyar awanni. Labari ɗaya kuma za ka maimaita shi fiye da sau 60 kamar yau ka fara.

29/ Masu cewa kwandasta, na gode, ban ji haushi ba. Sai dai ku tuna da wannan ranar da kuka je Yankari, mai jagora ya ce yau giwaye sun yi nisa, ko ya hana ku sauka daga mota. Kada ku ce bai iya aiki ba, kada ku hana shi na goro. Wanda ya iya ɗin kenan.

30/ Tsohuwar nan ban san sunanta ba, ba ni da lambarta. Da ina da ita, da na kira na gaya mata cewa dutsen yana bayan wancan gajimaren, ta tsaya a gabansa ko da ba ta gan shi ba, kuma wannan ma zuwa ne. Abin da ya kamata in faɗa kenan a ranar. Allah Ya yafe mana.

31/ Ku fa, an taɓa saka ku a irin wannan tsaka mai wuya a wurin aiki, tsakanin gaskiya da abin da zai shiga aljihu? Me kuka yi? Ina jiran ku a ƙasa.