Adadin Gado Ba Kayan Aro Ba Ne

Duk lokacin da jarrabawa ta gabato, sai ka tarar ɗalibai sun haddace R = h²S kamar karatun allo, sun kuma haddace cewa h² na yawan nono yana tsakanin 0.25 da 0.30. Daga nan kowane garke aka ba su, na Holstein ne a Turai ko na Azawak a tashar Tukunus ta ƙasar Filinge, lamba ɗaya suke cusawa. Wannan ɗabi'a kuskure ce, kuma malaman da ke ba ta cikakken maki su suka raine ta.

Mu koma ga ma'anar. h² shi ne VA a raba da VP. VA bambancin da ke tsakanin dabbobi ne saboda ƙwayoyin gado masu tasirin da ke taruwa ɗaya bisa ɗaya, wato rabon da iyaye ke iya miƙa wa 'ya'ya. VP kuwa dukan bambancin da ido ke gani ne, har da na ciyawa, da ruwa, da cuta. Muhalli ke nan yana zaune a ƙasan lissafin. A garken da wata saniya ke samun dusa, wata kuma ta ƙare bazara a kan kara, VP zai kumbura, h² ya faɗi, alhali jinin shanun bai sauya ba. Ta yaya lambar da aka auna a rumfar da kowace saniya ke cin abinci iri ɗaya za ta yi aiki a nan?

A ɗauka matsakaicin nonon garke lita 500 ne, aka zaɓi shanu masu ba da 700. S ya zama 200. Da h² na 0.25, ɗalibi zai rubuta cewa 'ya'yan za su ƙaru da lita 50. Idan ainihin h² na garken 0.10 ne, ƙarin lita 20 ne kacal. In kuma mata kaɗai aka zaɓa, aka bar kowane bijimi yana barbara, S ya rabu biyu, saura lita 10. Makiyayin da ya sayar da rabin garkensa bisa alƙawarin 50 zai jira kimanin shekara huɗu kafin ya tatsi 'ya'yan ya gane an ruɗe shi.

Za a ce da babu gara ba daɗi, lambar aro ta fi rashin lamba. Na yarda, muddin an rubuta a fili cewa aro ce, an kuma nuna yadda amsa ke sauyawa idan ta ragu. Amma lissafin da Jay Lush ya yaɗa a littafinsa na 1937 yana juyuwa: h² = R/S. Wanda ya auna iyaye, ya auna 'ya'yansu a yanayi mai kama da na iyayen, ya sami lambar garkensa. Abin da ake buƙata littafin rajista ne da ma'auni da haƙuri, kuma tambayar da ta dace a ba ɗalibi ita ce ya fitar da h² daga irin wannan rajista.