Kirsimeti: Gayyatar farin ciki ba da kuɗi ake amsa ta ba

A daren 24 ga Disamba da safiyar 25, majami'un Yamai, Maraɗi, Damagaram, Tawa, Doso da Agadas za su cika da masu ibada kamar yadda aka saba kowace shekara. Za a yi waƙoƙin yabo da Hausa, da Zabarmanci, da Gurmanci, da Faransanci, a karanta labarin haihuwar Yesu Almasihu, wanda Musulmi suka sani da Annabi Isa, alaihis salam. Wannan shi ne bikin Kirsimeti, ko Nowel kamar yadda mutanen birane suka fi faɗa. A wurin Kiristoci jigon bikin guda ne: Allah na gayyatar ɗan Adam zuwa ga farin ciki. Abin da ya rage shi ne yadda za a amsa, a ƙasar da tsadar rayuwa da rashin tsaro suka hana gidaje da yawa sakat.

Gayyatar ba a ranar bikin take farawa ba. Katolika da wasu ɗariku na ware Lahadi huɗu na jira da gyaran zuciya kafin ranar, ta ukun kuma ana kiranta Lahadin farin ciki. Labarin da ake karantawa a daren bikin daga Linjilar Luka yake, kuma yana da darasi ga duk mai kunnen ji. Waɗanda aka fara yi wa albishir makiyaya ne da ke gadin garkensu a daji cikin dare, mutanen da babu mai aika musu goron gayyata idan ana shagali a fada. Jaririn da suka je gani an kwantar da shi ne a wurin da ake zuba wa dabbobi abinci, domin iyayensa matafiya ne da ba su samu masauki ba. Makiyayan ba su jira gari ya waye ba, ba su tsaya neman sabuwar riga ba. Sun tashi suka tafi, suka gani, suka koma suna godiya. Amsarsu ke nan.

Wannan labarin ya sha bamban da abin da kasuwa ke koya wa mutane a watan Disamba. Tun farkon wata ake fara lissafi: atamfar uwargida, kayan yara, kuɗin tela, buhun shinkafa, kaji ko akuya, lemun da za a bai wa baƙi. Babu laifi a ci mai kyau a sa mai kyau ranar biki. Laifin yana farawa ne lokacin da magidanci ya fara auna darajarsa da girman tukunyar maƙwabcinsa, ya ci bashin da zai kai shi watan Maris yana biya, ga kuɗin haya da na makarantar yara suna jira a Janairu. Hausawa sun daɗe da cewa salla ta wuce ta bar wawa da bashi, kuma karin maganar bai ware wani biki ba.

Nauyin ya fi faɗa wa ƴan ci-rani. Matashin da ke aikin gini a Aljeriya ko Libiya, ko yake talla a Abijan, Lome ko Akara, ya san yadda wayarsa ke ɗaukar zafi a wannan wata. Kowane kira da buƙatarsa. Wani zai aiko da duk abin da ya tara, ya kwana da yunwa a ɗakin da mutum takwas ke kwana, don kada a ce ya kasa. Wani kuma kunyar rashin abin aikowa ce za ta sa ya kashe waya, ya bar mahaifiyarsa cikin zullumi ranar da ta fi son jin muryarsa. Ya kamata iyalai su sassauta. Wanda ke nesa kuma ya sani cewa kira na minti biyar, a gaisa, a yi addu'a tare, yana cikin amsa gayyatar ko da ba a haɗa da jika ɗaya ba. Haka abin yake ga ƴan Benin da Togo mazauna Nijar da suka saba komawa gida a ƙarshen shekara, waɗanda rufe iyakar Gaya a 2023 ya mayar wa tafiyar mai tsada da wahala.

Akwai kuma matasan birane, Kiristoci da waɗanda ba Kiristoci ba, da suka mayar da daren 24 da na 31 daren shaye-shaye da tseren babura. Ma'aikatan sashen gaggawa na asibitoci sun san abin da irin waɗannan darare ke kawo musu. Murnar da ta ƙare a gadon asibiti, ko ta bar iyaye da zaman makoki, ba ita aka gayyaci kowa zuwa gare ta ba.

Idan ana neman makiyayan wannan zamani, ba su da wuyar samu. Suna cikin iyalan yankin Torodi da Makalondi a jihar Tilaberi da hare-haren ƴan bindiga suka raba da ƙauyukansu, har wasu ƙananan majami'u suka zama kufai. A yankin ne aka sace limamin Katolika Pier Luigi Maccalli a ƙauyen Bomoanga a Satumban 2018, bai samu ƴanci ba sai a Oktoban 2020. Suna cikin baƙin haure da ake korowa daga Aljeriya, a zube su a hamada, su taka kusan kilomita 15 kafin su isa Assamaka. Suna gidajen kaso, suna kwance a asibitoci, suna cikin gwagware da marayun da ke bayan katangar kowace unguwa. Majami'ar da ta kashe kuɗi a kan fitilu da lasifika ta manta da waɗannan, ta karanta labarin amma ba ta ji shi ba. Ƙungiyoyin matasan majami'u na da ƙarfin da za su tara kwano-kwano na shinkafa, da barguna saboda sanyin hunturu, su kai da ƙafafunsu. Zumunci dai a ƙafa yake.

Sai dai farin ciki ba ya zama a zuciyar da ke cike da tsoro, kuma a nan ne maganar ta shafi kowane ɗan ƙasa. Bisa ƙidayar 2012, Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari na al'ummar Nijar ba. Amma ba baƙi ba ne. Tun 1924 ƴan mishan suka sauka a Damagaram, daga baya suka zauna a Tsibiri kusa da Maraɗi, inda a yau ake da iyalan Hausawa Kiristoci tun kakanni. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950 ya yi wa ɗimbin Musulmi magani ba tare da tambayar addininsu ba. Duk da haka, ba a manta da ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015 ba, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe ta koma ƙona majami'u a Damagaram da Yamai. Mutane goma suka rasa rayukansu, aka hukunta ƴan ƙasa kan laifin da aka aikata a wata nahiya. An sake ƙona wata majami'a a Maraɗi a watan Yunin 2019. Abin da ya kamata a riƙa tunawa tare da wannan shi ne cewa a waɗancan ranaku akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a cikin gidajensu, shugabannin majami'u kuma suka yi kira da a yafe maimakon ramuwa.

Bambancin aƙida a fili yake, babu amfanin ɓoye shi. Abin da Kirista ya gaskata game da Yesu ba shi ne abin da Musulmi ya gaskata game da Annabi Isa ba, ko da yake Alƙur'ani na da sura guda mai sunan mahaifiyarsa Maryam, wadda ta ba da labarin haihuwarsa. Malamai sun yi saɓani kan taya murna, kowa kuma na da wanda yake bi. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haƙƙin maƙwabci: kada a cutar da shi, kada a tsorata shi, kada a wulaƙanta shi. Matasan da ke mayar da Facebook da TikTok fagen zage-zage duk Disamba su tuna cewa wutar 2015 ba da ashana ta fara ba, da maganganu ta fara. Hukumomi kuma, daga gwamnoni zuwa magadan gari da sarakunan gargajiya, aikinsu ne su tabbatar da tsaron wuraren ibada tun kafin ranar, ba sai an kai musu kuka ba.

A unguwanni da dama na Maraɗi da Yamai har yanzu ana ganin yara ɗauke da kwanon abinci suna tsallaka titi zuwa gidan maƙwabta ranar Kirsimeti, kamar yadda naman layya ke bin hanyar nan ya dawo idan babbar salla ta zo. Babu dokar da ta kafa wannan al'ada, babu kasafin kuɗin da ke ɗaukar nauyinta, amma ta fi tarurrukan zaman lafiya da yawa aiki. Wanda ke da kaza ya yanka, wanda ke da wake ya dafa, wanda ke nesa ya buga waya, wanda ba bikinsa ba ne ya bar maƙwabcinsa ya yi ibadarsa cikin kwanciyar hankali. Gayyatar ta riga ta iso, kuma ba ta zo da takardar farashi ba.