Sharhi: Rawar limamai tsakanin matasa da 'yan sandan Faransa

A unguwar Porte de la Chapelle da ke arewacin birnin Paris, inda 'yan sanda suka sha tarwatsa sansanonin baƙin haure, zaman doya da manja ake yi tsakanin jami'an tsaro da matasa 'yan asalin Afirka. Tambayar a nan ita ce, wane ne zai iya shiga tsakani?

Tarihin Faransa ya ba da amsa. A shekara ta 1983, bayan da ɗan sanda ya harbi matashi Toumi Djaïdja a unguwar Minguettes da ke wajen birnin Lyon, limamin Katolika Christian Delorme da fasto Jean Costil sun taimaka wa matasa suka mai da fushinsu ya zama tattaki na lumana. Sun tashi daga Marseille a ranar 15 ga Oktoba, suka isa Paris a ranar 3 ga Disamba, inda mutane kimanin dubu 100 suka tarye su. Shugaba Mitterrand ya gana da wakilansu, ya kuma yi alkawarin takardar izinin zama ta shekaru 10. Abin da jifa da ƙone-ƙonen motoci suka kasa samarwa, sai ga shi tattaki ya samar.

Amma fa ba kullum ake kwana a gado ba. A ranar 23 ga Agustan 1996, 'yan sanda sun fasa ƙofar cocin Saint-Bernard, kusa da La Chapelle, da gatari, suka fitar da baƙi kimanin 300, akasarinsu 'yan Mali da Senegal, waɗanda suka nemi mafaka a ciki. Haka nan a 2005, bayan mutuwar Zyed Benna da Bouna Traoré a Clichy-sous-Bois, hayaƙi mai sa hawaye ya shiga masallacin Bilal cikin watan azumi, lamarin da ya ƙara rura wutar rikicin, duk da kiraye-kirayen da shugabannin Musulmi suka yi na a kai zuciya nesa.

Darasin a fili yake. Mahukunta kan tuna da limamai ne idan gobara ta tashi, da zarar ta lafa kuwa sai a fake da dokar 1905 da ta raba addini da gwamnati. Alhali wannan doka ba ta hana kwamishinan 'yan sanda zama da limamin masallaci ko na coci ba.

Sai dai kuma wa'azi kaɗai ba ya gina amana. A 2016 babbar kotun ɗaukaka ƙara ta samu gwamnati da laifin nuna wariya wajen binciken takardun shaida. Binciken hukumar kare haƙƙin jama'a na 2017 ya nuna cewa samari baƙar fata ko Larabawa sun fi sauran jama'a fuskantar irin wannan bincike har ninki 20. Limamin da zai ce wa yaro ya yi haƙuri, alhali gobe za a sake tare shi a bakin tashar jirgin ƙasa ba gaira ba dalili, mutuncinsa yake zubarwa, kuma ranar da aka buƙace shi babu mai saurarensa.

Kisan Nahel Merzouk mai shekaru 17 a Nanterre a 2023 ya nuna cewa har yanzu tsugune ba ta ƙare ba. Idan har mahukuntan Faransa na son limamai su riƙa shiga tsakani, to wajibi ne su zauna da su tun ana zaman lafiya, su kuma gyara yadda 'yan sanda ke tare matasa a kan titi.