A Faɗi Gaskiya A Wurin Yankar Kati

Uwargida mai zuwa awo daga Tambuwal ko Kebbe, tambayoyin masu yankar kati sun ƙaru. Da suna da gari sun wadatar, yanzu har lambar NIN akan nema, musamman tunda dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya. Maigida, wannan ba maganar haraji ba ce. A ganina ɓoye shekaru ya fi cutarwa, domin kulawar 'yar shekara 16 daban take da ta mai haihuwa takwas. Dokar Lafiya ta 2014 ta hana tona sirrinki, ta kuma hana a kore ki a halin gaggawa. In jini ya ɓalle, ki taho ko babu NIN. Ki tabbata an rubuta Kebbe, ba Kebbi ba, don kada a lissafa ki a wata jihar.